Masuntan da Ke Ciyar da Kifi

A garejin maƙwabcin ƙanen matata na fara cin karo da abin. Dattijo ne Bature, tsohon direban bas a Nottingham, wanda ya yi alkawarin kai mu su washegari. Ya buɗe wani ƙaramin firji a lungu, ni kuwa har na gyara tsayuwa, a zatona lemo za a ba baƙo. Sai ya fito da wata roba mai murfi mai huji-huji, ya buɗe ya miƙo mini da fara'a kamar mai ba da goro. Tsutsa ce fal tana mutsu-mutsu, wasu farare, wasu jajaye jawur. Na yi salati na ja da baya. Ƙanen matata ya ce, "Yaya, kada ka raina ta, da kuɗi aka sayo. Awo ake yi kamar gero."

Gaskiya ya faɗa. A shagunan kayan su na Ingila, da ma'aunin da suke auna madara ake auna tsutsa, wanda ya ɗan ɗara rabin lita. Akwai masu kiwonta, sana'arsu ke nan: su tara ƙudaje su yi ƙwai a kan ragowar nama, su tace, su tsabtace, su rina wasu, su kai kasuwa. Sanyin firjin kuma shi ke hana ta saurin rikiɗa ta koma ƙuda.

Ni ɗan Yawuri ne, a hannun kawuna masunci na tashi. Na san birgi, na san kalli da mamari, na kuma sha dunƙula dusa ana jefawa cikin gura don kifi ya biyo ƙamshi ya shiga. Saboda haka na je bakin Kogin Trent da girman kan wanda ke ganin babu abin da za a koya masa. Kafin azahar girman kan ya sauka.

Tun kafin a taɓa ruwa akwai sharaɗi. Duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin hukumar kula da muhalli zai jefa ƙugiya, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an rufe koguna ga masu kama irin waɗannan kifaye, don a bar su su yi ƙwai. Mu a watan Yuli muka je, don haka hanya a buɗe take.

Dattijon ya kafa kujerarsa, ya jera robobi a gefensa kamar mai tallar kayan miya, sannan ya ɗauko abin da ya kawo ni rubuta wannan. Wata 'yar gwangwani ce ta roba, ba ta fi tsawon yatsa ba, jikinta duk huji, an liƙa mata dalma a gefe. Suna ce mata fida, wato mai ciyarwa. Ana ɗaure ta a jikin zaren fatsa, ƙugiya kuma tana rataye a wani siririn zare kamar kamu ɗaya a ƙasanta. Ya cika ta da tsutsa, ya rufe, ya soka guda biyu a ƙugiya, ya wurga tsakiyar kogi. Dalmar ta kai ta ƙasa ta zaunar. Daga nan aikin na tsutsa ne: su riƙa sulalowa ta hujin ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana jansu ƙasa, ya zama wata 'yar hanyar abinci. Kifin da ke can ƙasa ya tsinci ɗaya, ya matso ya tsinci ta biyu, yana biyowa yana biyowa har ya iso gindin gwangwanin, inda cikin tsutsa ɗari, biyu ne kawai ke ɗauke da ƙarfe.

Fidar ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai baki biyu a buɗe, wadda ake danna wa jiƙaƙƙen garin burodi a toshe kowane gefe, a sa tsutsa ko masara a tsakiya. In ta sauka garin ya jiƙe ya saki, ya tashi kamar hazo a ƙarƙashin ruwa. Akwai ta waya mai kama da ƙaramin keji, wadda ke zubar da kayanta da wuri. Akwai shimfiɗaɗɗiya da ake manna wa abinci a baya a binne ƙugiyar a ciki, kifi yana tonon tuwo ya haɗa da ƙaya. In ruwa na gudu da ƙarfi a sa mai nauyi. In ana so tsutsa ta fita a hankali, sai a rufe wasu hujin da salatif. Na ga dattijon ya yi haka da hannunsa, yana ƙirga hujin da zai bari kamar mai ba majinyaci magani.

Amma ba gwangwanin ce ta ɗaure mini kai ba, saitin ne. Ya zaɓi wata bishiya a tsallake, kowace jifa ita yake fuskanta. A jikin abin naɗe zaren akwai wani ɗan maƙali; bayan jifar farko sai ya maƙale zaren a nan, ta yadda duk ƙarfin da ya sa, fida ba za ta wuce inda ta faɗa da fari ba. Bayan 'yan mintoci ya janyo, ko an ci ko ba a ci ba, ya sake cikawa ya sake jefawa, wuri ɗaya, wanda faɗinsa bai fi tabarma ba, a tsakiyar kogin da ya kai a shiga da jirgi. Na tambaye shi me ya hana ya zuba duka lokaci guda ya huta. Ya ce wanda ya ƙoshi ba ya zuwa kasuwa. Dokarsu ita ce kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ana so kifi ya taru, ya yi ta rububi, kada ya ƙoshi.

Awa guda ba abin da ya motsa sai agwagi. Sannan bakin sandar, wanda siriri ne kamar tsinke, ya fara rawa. Ƙananan kifaye suka fara zuwa, masu jajayen fukafukai, daga baya sandar ta lanƙwashe gaba ɗaya, ya sha fama kafin ya fito da wani dogo mai ruwan tagulla da gashin baki huɗu, wanda suke kira babel. In ka ga bakinsa ka ce ɗan'uwan tarwaɗa ne, sai dai shi yana da ɓawo.

Don wannan babel ɗin ya nuna mini wata dabara kuma. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai ƙofa, da tsinken ƙarfe mai nauyi a ƙasansa. Ana cika shi a saukar a hankali. Da zarar tsinken ya daki ƙasa sai ya turo sama, sakata ta zare, ƙofa ta buɗe, abinci ya zube daidai nan, ruwa bai kwashe shi a hanya ba. Abin da ya zuba ciki wasu baƙaƙen ƙwayoyi ne dafaffu da suka tsage suka nuna fari. Da na tambaya, ƙanen matata ya ƙunshe dariya ya ce 'ya'yan wiwi ne. Ba sa bugarwa, a fili ake sayar da su a gwangwani, kuma kifin can yana mutuwar sonsu. Sauran abin da ke kusa da gaɓa kuwa da danƙo yake harba shi, irin wanda muka yi farautar kurciya da shi muna yara, sai dai nasa yana da 'yar jaka mai cin tafi guda na tsutsa. Dattijo mai furfura yana harbin ruwa da danƙo, fuskarsa a ɗaure kamar alƙali. Allah ɗaya, gari bamban.

Duk wannan ashe wasan yara ne. Da la'asar ya ce mu leƙa wani tafki a kwarin kogin, tsohon ramin haƙar tsakuwa da ruwa ya cika, inda masu neman wani ƙaton kifi mai suna kaf suke. Waɗannan ba yini suke yi ba, tarewa suke yi. Kowa da tantinsa da gadonsa da risho, sanduna uku a jere bisa ƙarafa, kowace da 'yar na'urar da ke ƙara in an taɓa zare. Mutum ya yi kwana uku yana jiran kifi ɗaya.

Wani saurayi ya bar mu muka tsaya kansa. Da fari ya yi ta jefa dalma tsirara yana janyowa a hankali, yana sauraron abin da sandar ke gaya wa hannunsa: nan laka, nan ciyawa, nan tsakuwa. Da ya sami fili mai tsakuwa can nesa, kusan yadi tamanin, sai ya kafa ƙarafa biyu a ƙasa, tazarar ƙafa 12 tsakaninsu, ya riƙa kewaya zaren a kansu kamar masaƙi yana wadari, yana ƙirgawa, ya rubuta adadin a littafi. Kowace sanda ya auna mata wannan tsawon. Sannan ya ɗauko roka. Sunan da na ba ta ke nan, don da ita ta yi kama. Su spod suke ce mata. Kwalba ce ta roba mai buɗaɗɗen gindi da kai mai yawo a ruwa. In ta faɗa, kan ya tashi sama, gindin ya juya ƙasa, kayan ciki su zube. Sabuwar da ya fi so, mai suna Spomb, rufaffiya ce ruf kamar ƙwai, da maɓalli a hanci. Da ta daki ruwa sai ta dare gida biyu. Ya jefa ta fi sau ashirin, kowace jifa da ƙarar faɗuwar tulu a rijiya, har bokiti ya kusa ƙarewa. Na ce wannan ai korar kifi ce. Ya ce kifin tafkin nan ya riga ya san ƙarar, a wurinsa kiran cin abinci ne. Ban iya shaidar kifi ba, amma tsuntsayen ruwa kam sun sani, don tun rokar tana sama suke tasowa.

Can gefe wani ya huta da jifa ma. Wani ɗan jirgi yake turawa da rimot, girmansa kamar akwatin makaranta, cikinsa da rumbu biyu. Ya zuba abinci, ya ɗora ƙugiyarsa, jirgin ya lallaɓa har ƙarƙashin rassan wani tsibiri inda jifa ba ta isa, ya danna maɓalli gindin ya buɗe. A hannunsa akwai allo mai nuna zurfi da abin da ke ƙasa, jirgin kuma yana riƙe wurin ta tauraron ɗan'adam, ko da dare ya koma da kansa. Manyan irinsa suna haura fam dubu. Dattijonmu ya taɓe baki ya ce wannan ba su ba ne, aike ne. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, don tafkuna da yawa sun hana shi. Ni dai na tsaya ina lissafin kwalekwale nawa kuɗin zai sassaƙa a Yawuri.

Abin da na yi sha'awa da gaske wata leda ce. A cika ta da busasshen abinci, a sa ƙugiyar ciki, a jefa; ta sauka ƙasa ta narke kamar sukari, ta bar ɗan tsibi da ƙugiya a tsakiya. Na taɓa ɗaya da jiƙaƙƙen hannu ta zama yauƙi nan take. Na tuna kwatocinmu da damina, na yi shiru.

Sai na leƙa bokitin saurayin. Akwai masara, akwai wasu dunƙule-dunƙule kamar ƙananan gullisuwa masu ƙamshin 'ya'yan itace, da ake kwaɓawa da ƙwai a tafasa don su yi tauri su gagari ƙananan kifi. A tsakaninsu kuma na hango 'yar gida. Aya! Ayar nan da muke tauna a tasha, wadda ake nomawa jibgi a ƙasar Maraɗi ana fitarwa waje. Na ɗauki ɗaya zan kai baki ya riƙe mini hannu, wai ta kwana uku tana tsami. Sai an jiƙa ta yini da kwana an kuma tafasa kafin a ba kifi, don ɗanya tana iya yi masa illa. Da wata shahararriyar kifanya mai suna Benson ta mutu a 2009 a wani tafki kusa da Peterborough, ɗanyen abinci irin wannan aka fara zargi, jaridu kuma suka buga labarin kamar an yi rashin wani babba. An kama ta sau 63 a rayuwarta.

Sau 63. Nan ne kaina ya kasa ɗauka, har na gani da idona. Gab da magariba na'urar saurayin ta tsala ƙara. Ya yi kusan minti ashirin yana ja ana ja, sannan ya tallafo wani kifi mai faɗin faranti da tsawon hannu, wanda zai ishi gidanmu miya kwana biyu. Ya kwantar da shi a kan katifa mai laushi da ya riga ya jiƙa, yana zuba masa ruwa. Ya zare ƙugiyar, ya shafa magani a inda ta huda. Ya auna, ya duba wani tabo a gefensa ya ce ya san shi, bara ma wani ya kama shi. Aka ɗauki hoto. Sannan ya shiga ruwa har gwiwa, ya rungume shi har ya dawo hayyacinsa, ya buɗe hannu.

Ban san lokacin da na ce "Kai!" ba. Dattijon ya yi dariya ya ce haka abin yake tun yana yaro. A 1952 da wani mai su, Richard Walker, ya kama kaf mai laba 44 a tafkin Redmire, kusan kilo 20, wanda ya kafa tarihi a lokacin, ba tukunya aka kai shi ba, gidan namun daji na Landan aka kai shi da rai mutane suka yi ta zuwa kallo. A kogi ma doka ba ta yarda mutum ya tafi da fiye da ƙanana 15 a rana daga irin waɗannan ba, waɗanda ba su wuce santimita 20 ba, kuma da wuya ka ga mai ɗauka. A ganina wannan ne ya haifi duk na'urorin nan. Kifin da aka kama aka saki ya yi karatu. Ya san zare, ya san ƙugiya, yana tsotsar abinci ya furzar. Kawuna da gurarsa yana hulɗa ne da kifin da ba ya samun damar kuskure na biyu. Su kuwa kowace shekara ɗalibansu ƙara wayo suke, dole malamai su ƙaro dabara.

Da dare na kira kawu na kwashe labarin duka na gaya masa, tun daga firji har jirgi mai rimot. Ya saurara bai katse ni ba. Ya sa na maimaita bayanin akwatin nan mai buɗewa in ya taɓa ƙasa, ya ce wannan kam mai hankali ne ya ƙera shi, kuma maƙerin unguwarmu zai iya. Sannan ya ce, "To ɗana, da kuka mayar da kifin, me kuka ci?"

Na gaya masa gaskiya. A hanyar komawa mun tsaya wani shago, dattijon ya saya mana soyayyen kifi da dankali a naɗe cikin takarda, kifin teku da aka kamo can wajen Aislan.