Yamai, Maraɗi ko Damagaram?

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke neman garin zama da iyali kan fara da tambayar kuɗin haya. Nan Yamai ke korar mai ƙaramin albashi. Maraɗi ta fi sauƙin hatsi da haja, amma araharta tana rataye ga iyakar Najeriya: da aka rufe ta a 2019 da 2023, kasuwa ta ji jiki. A Damagaram, babban birnin ƙasa har 1926, gida na da rahusa, sai dai jikar da aka rage ga haya, ƴan ga-ruwa ke karɓe ta da bazara. Don haka magidanci ya lissafa ruwa, lakwal ɗin yara da kuɗin mota zuwa garinsu kafin ya ɗaure kaya.