Ranar Juye a Gidan Kawu

Motar Kawu Marsandi ce ƙirar 240D, mai shan gas, wadda ta gama ƙuruciyarta a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Kwatano, ta biyo ta Maraɗi da Jibiya ta iso Gusau. Ya saye ta ne 'yan shekaru bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, lokacin da garin ya cika da sababbin ma'aikata kuma kowa idonsa na kan Peugeot ta Kaduna mai shan fetur. Abokansa sun yi ta yi masa surutu, wai ina shi ina motar da ke ƙara kamar injin niƙa, ga rashin gudu. Bai kula su ba. Ya yi shekaru yana jan babbar mota, yana kwaso auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa gidan gurza, saboda haka injin gas ne ya sani ciki da bai, kuma shi ya amince wa.

Ni daga Bungudu aka kawo ni gidansa a Tudun Wada don in yi sakandare. A nan na tarar da wata doka da ba a taɓa karya ta ba: bakanike yana iya taɓa birki, yana iya gyaran lagireto ko giya, amma juyen mai a gida ake yin sa, kuma da hannun Kawu. Yana da wani ɗan littafi a aljihun gaban mota inda yake rubuta kwanan wata da lambar kilomita duk ranar da aka zuba sabon mai. Da damina yakan bari motar ta kusa cinye kilomita 5,000. Da hunturu kuwa, idan ƙura ta turnuƙe har ba a hango dutsen Kwatarkwashi daga titi, ba ya kaiwa nan.

Ranar Asabar ake yi, da hantsi. Sai ya tayar da motar, ya jira fitilar hita ta mutu kafin ya murza makulli, ya ɗan zaga unguwa ya dawo. Dalilinsa shi ne mai mai sanyi nauyi gare shi, ba ya fitowa duka, kuma dattin da ya kwanta ba ya biyo shi. Kafin ya dawo na share ƙofar gida, na shimfiɗa buhu, na jera sifanu da tsumma da tsohon daro. Ba ya yarda da jak shi kaɗai. Sai an hau da ƙafafun gaba kan wasu katakai masu kauri, an ja birkin hannu, an sa wa ƙafafun baya waigi da duwatsu, sannan mutum ya shiga ƙarƙashi.

Abin da ya fara koya mini shi ne a soma daga sama. A wannan injin filta ba irin ta gwangwani ba ce da ake murɗewa a yar. Tana zaune ne cikin wani gida na ƙarfe a bayan inji, da murfi mai noti biyu na sifana 13. Idan ka fara sassauta murfin, man da ke maƙale a gidan filtar zai gangara ƙasa ya haɗu da sauran, ya fita tare da su. Idan ka bari sai bayan ka ɗaure notin ƙasa, to ka bar tsohon mai ya gauraye da sabo. Bayan nan ne zan kwanta a kan buhu in kwance notin ƙasa, ina danna shi da yatsa har zare na ƙarshe, sannan in fizge hannu da sauri don kada mai zafi ya ƙona ni.

Ganina na farko da abin da ya zubo ya ba ni tsoro. Baƙi ƙirin, ko hasken rana ba ya ratsa shi. Na ce, “Kawu, anya injin nan lafiya yake? Ku dubi man fa.”

Ya tsuguna, ya dangwalo da yatsa, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Ya ce, “Ɗana, baƙi ba laihi ba na ga injin gas. Ran da ka ga mai ya yi wata guda bai yi baƙi ba, shi na abin tsoro, don bai aikinai. Kai dai murza ka jiya. In ka ji yashi-yashi, ko ka ga ƙyalli na ƙarhe, ko ka ji warin gas ya yi yawa, to taho ka gaya min.”

Sai daga baya na fahimci hikimar maganar. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi. Iska yake matsewa, a wannan ƙirar har ninki 21, sai ta yi zafin da gas ɗin da nozul ya fesa zai kama da kansa. Irin wannan ƙuna tana barin kunkunniya, wani kaso nata kuma yana silalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin mai. An haɗa man injin gas ne musamman don ya riƙe wannan kunkunniya tana yawo a cikinsa, kada ta dunƙule ta toshe hanyoyi. Shi ya sa Kawu ke juya galan ya duba bayansa kafin ya biya kuɗi, yana neman harafin C bayan API, don mai ɗauke da S kaɗai na injin fetur ne. Akwai kuma wani abokin gaba da shi Kawu bai san sunansa ba amma ya san aikinsa, wato farar wuta da ke cikin gas. Idan ta ƙone ta gamu da laima takan zama ruwan asid mai cin ƙarfe, kuma mai ne ke kashe kaifinsa har ƙarfinsa ya ƙare. A wancan lokaci doka a Najeriya ta yarda gas ya ƙunshi farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan. Turai ta sauko da nata zuwa 10, kuma sai a ƙarshen 2016, bayan rahoton ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan kan gurɓataccen gas da ake jibge wa Afirka, Najeriya da wasu maƙwabtanta suka yi alkawarin saukowa zuwa 50. Ashe lokacin da ake cewa Kawu yana ɓarnar mai da yawan juye, shi ne mai gaskiya.

Yayin da man ke tsiyaya, sai a koma kan filta. Kawu yakan zaro tsohuwar a hankali, ya goge cikin gidan da tsumma mai tsabta, ya canza babbar robar murfi da ƙananan biyu da ke jikin sandar tsakiya, ya shafa musu ɗan sabon mai. Yana son filtar nan ƙwarai, don wani ɓangarenta cike yake da auduga da aka danƙara, yakan ce shi da auduga ba su rabu ba har cikin inji. Notin ƙasa kuma sabon washa na tagulla ake sa masa kowane juye, a ɗaure shi daidai ƙarfin hannu ba tare da an taka sifana da ƙafa ba. Injin yana cin lita shida da rabi, amma ba a zuba su gaba ɗaya. A zuba shida, a tayar, ido na kan allurar mai da ke gaban direba. Cikin 'yan daƙiƙu dole ta haura zuwa 3. A kashe, a jira, a zaro sandar awo, a cike saura, sannan a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Aikin bai ƙare a nan ba. Galan ɗin da aka juye sabon mai daga cikinsa, Kawu da wuƙa yake farke shi. Masu sayen fankon galan suna zuwa har ƙofar gida da kuɗi a hannu, ya ce bai sayarwa, domin ya san inda yake zuwa: a tace mataccen mai, a ɗura, a liƙe, a sayar wa wani bawan Allah a matsayin sabo. Tsohon man kuma a jarka yake adana shi. Masu buga bulo sukan karɓa su shafa wa ma'auninsu, masu gini su shafa wa katako saboda gara, duk yana ba su. Amma wanda ya zo nema don ya shafa wa akuya mai ƙazuwa, ko ya zuba a masai, hana shi yake yi. A kwata kuwa ko ɗigo bai yarda a zubar ba. Yakan ce ruwan kwatar Gusau gulbi yake nufa, gulbin nan kuma shi ne ya bi ta Bungudu inda 'yan'uwanmu ke ban-ruwan fadama da shi.

Na ga ranar wannan tsantseni a kan wani maƙwabcinmu mai bas ta gas da ke jigilar Gusau zuwa Tsafe. Man awo yake saye a bakin titi, na kwalba, don ya fi araha, filta kuma sai a wanke ta da kananzir a mayar. Wata rana da la'asar yaron motarsa ya iso gidanmu a kan babur, ya ce inji ya buga dab da Kwatarkwashi. Muka ɗauki igiya muka tafi. Da Kawu ya buɗe murfin zuba mai, abin da ke ciki ya daskare ya yi kauri, sai da sanda aka laƙato shi. Kuɗin da mutumin ya kashe wajen sauke inji ya fi na juyen shekara da shekaru. Abin da na fi tunawa dai shi ne fasinjojinsa. Suna zaune a inuwa hankali kwance, wasu na shan rake, wasu sun yi sallar la'asar a gefen titi, suna jiran wata motar. A wancan zamani lalacewar mota a hanyar Tsafe asarar kuɗi ce da ɓata lokaci, iyakarta ke nan.

Duk wanda ya san Zamfara ta yau ya san wannan ya wuce. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar saboda 'yan bindiga. A cikin makonnin nan saƙo ya iso mana ta bakin wani direba cewa Gwaggo tana kwance a Tsafe, jiki ya yi tsanani. Tafiyar kusan kilomita 50 ce, ba waya, ba wanda za ka kira idan mota ta tsaya. Lokacin Kawu ya tsufa, ido ya yi rauni, motar ta dawo hannuna. Ya sa aka karanta masa littafin nan, ya ji juye ya kusa, ya ce ba inda za a je sai an yi shi. Aka fito masa da kujera ƙofar gida. Ina ƙarƙashin mota yana tambaya, “Ka sassauta na bisa? Ka canza washa?” Da man ya zubo ya ce in kawo masa a yatsa, ya murza, ya sunsuna, ya ce, “Lahiya lau ta ke. Ku tashi da sahe, kada ku tsaya ko'ina in ba shingen soja ba.” Haka muka yi. Muka ɗauko Gwaggo muka kawo ta asibiti a Gusau kafin azahar, allurar mai ba ta sauka daga inda take ba har muka iso.

A 2022 litar gas ta haura naira 700, man juye da filta su ma suka yi tashin gwauron zabo, kuma na san direbobi da yawa da suka koma jan juye har sai inji ya fara kuka. Ba na ganin laifin mai neman abin da zai kai gida, amma a hanyar Funtuwa ko ta Sakkwato wannan tsimi ne da ake yi da ran mutane. Ɗan'uwa mai mota, idan ba za ka iya yin juye da kanka ba, to kada ka aika yaro. Ka tsaya a kan bakanike, a fasa hatimin galan a gabanka, a miƙo maka tsohuwar filta ka gan ta da idonka, ka rubuta lambar kilomita, sannan ka tafi da fankon galan ɗinka gida ka farke shi.