Zanen da Aka Yanka

A ƙarshen shekarun 1970, a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Hermosa Beach, kusa da birnin Los Anjelas na ƙasar Amurka, an yi wani saurayi wanda ba ya rabuwa da alƙalami da baƙar tawada. Sunansa na asali Raymond Ginn, an haife shi a 1957. Ya karanci ilimin tattalin arziki a jami'a, ya gama a 1977, har ya ɗan taɓa koyar da lissafi a makarantun gwamnati. Mahaifinsa kan yi masa laƙabi da Faransanci, petit bon, watau ɗan ƙaramin na-gari, daga nan ya samo sunan da duniya ta san shi da shi, Pettibon. Wannan na-garin ne ya zana hotunan da iyaye da ƴan sandan birnin suka riƙa kallo da ƙyama.

Wansa, Greg Ginn, ya kafa ƙungiyar kiɗa a 1976. Irin kiɗansu shi ake kira pank: gajerun waƙoƙi masu sauri da ƙara, waɗanda ihu ya fi yawa a cikinsu bisa rerawa, na samarin da suka ƙosa da zaman da iyayensu suka tsara musu. Ƙanen ne ya raɗa wa ƙungiyar suna Black Flag, watau baƙar tuta, alamar masu ƙin kowace irin hukuma, kuma sunan wani maganin ƙwari da ake sayarwa a Amurka. Shi ne kuma ya zana tambarinta, baƙaƙen sanduna huɗu a tsaye, biyu sun ɗan sauka ƙasa, kamar tuta a cikin iska. Duk yaron da ya samu fenti yana iya zana ta a bango cikin ƙiftawar ido.

Manyan gidajen rediyo ba su sa waƙoƙinsu, manyan kamfanonin faifai ba su kula su ba, kuɗin talla kuwa babu. Abin da ya rage musu shi ne bango da turakun waya. Pettibon kan zana hoto a takarda guda, baƙi a kan fari, don na'urar kwafe takardu ba ta buƙatar fiye da haka, kuma shi ya fi arha. Sai a ƙara wurin wasa da rana, a kwafe da yawa, a dama garin alkama ya yi danƙo, mawaƙan su bi tituna suna mannawa da hannunsu. Los Anjelas gari ne na motoci, mai cike da allunan talla masu launi. Takardar talaka ba ta da lokacin gaisuwa: ko ta cafke ido nan take, ko a wuce ta.

Don haka ya zaɓi abin da ido ba ya iya ƙyalewa. Ya zana ɗan sanda an cusa masa bakin bindiga a baki. Ya zana Charles Manson, mutumin da mabiyansa suka yi kisan gilla a birnin a 1969, wanda jama'a ke ƙoƙarin mantawa da shi. A bangon faifan Family Man na 1984 ya zana magidanci ya ɗora bindiga a kansa, iyalinsa a zube. Yawanci yakan rubuta jimla guda da hannu a gefen hoton, jimlar kuma ba ta fassara shi, ƙara rikita shi take yi. Mai kallo ba ya sanin ko yabo ake yi ko zambo, ko da shi kansa ake. A nan aikinsa ya bambanta da ashar. Wanda aka zaga yakan rama ya wuce, amma wanda aka yi wa habaici yakan kwana yana juya maganar.

Sai dai tsokana wuƙa ce mai kaifi biyu. Takardar da ta kira samari ita ce ta kira hukuma. A zamanin da Daryl Gates ke shugabancin ƴan sandan birnin, daga 1978, sau da yawa an tarwatsa wasannin ƙungiyar, masu gidajen wasa da dama kuma suka rufe mata ƙofa. Ba kuma kowane mai suka ba ne maƙiyin ƴanci. Bango ba shi da mai gadi: yaro mai zuwa makaranta na ganinsa, haka ma wanda bindiga ta raba da ɗansa. Wasu matasan ma ba habaicin suka ɗauka ba, tashin hankalin suka ɗauka suka kai shi filin rawa. Mai zane na da iko da alƙalaminsa, ba shi da iko da idon mai kallo.

Abin da ya raba Pettibon da ƙungiyar kuwa ba ƴan sanda ba ne. A 1985, wajen shirya faifan Loose Nut, ɗaya daga cikin mawaƙan ya yanyanka wani zanensa don tsara bangon, ba tare da an tambaye shi ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, zumunci ya yi tsami tsakaninsa da wansa. Su a wurinsu takardar talla ce, ana yi ana yarwa. Shi kuwa a wurinsa aiki ne cikakke, kowane layi da mazauninsa. Mutumin da bai raga wa hukuma ko coci ko zaman iyali ba, ashe akwai abu guda da yake son a girmama, watau aikin hannunsa. A 1986 ƙungiyar ta watse.

Shi ya ci gaba da zane. A 1990 ƙungiyar Sonic Youth ta sa aikinsa a bangon faifanta Goo. A 1992 aka baje zanensa a gidan adana fasahar zamani na Los Anjelas, a 2017 kuma wani gidan irinsa a birnin Niyok ya tara ɗaruruwan ayyukansa. Takardun da ruwan sama ya bari sun zama kayan masu tara tarihi, ana saye da tsada, a sa su bayan gilashi. Babu mai yage su yanzu, babu kuma mai kiran ƴan sanda a kansu.

Malamin da ya tarar da mummunan zane a bangon aji yana da hujjar goge shi. Amma kafin ya ɗauko soso, ya dace ya tsaya ya karanta, ya tambayi kansa wace ƙofa aka rufe wa yaron har ya koma ga bango. In kuma an gano mai zanen, a yi masa faɗa in ya cancanta, sannan a tambaye shi kafin a taɓa aikinsa.