Zare: yadda muka kwana biyar a cikin ruwan Harvey

1/ Masu shirin tafiya Amurka karatu ko aiki, musamman Texas, Louisiana da Florida, ku matso. Ana ta ba ku shawara kan biza da kuɗin haya da rigar sanyi, amma ban ga mai yi muku zancen guguwa ba. Ni ɗan Kwanyawa ne ta ƙasar Karaye, kuma ina Houston lokacin Harvey a 2017. Zaren yana da ɗan tsawo.

2/ A can, lokacin mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi ƙamari a Agusta da Satumba. Wato daidai lokacin da sababbin ɗalibai ke sauka da akwatunansu, ba su san gabas ba balle yamma.

3/ Wani abu da ya ba ni mamaki: da yawa daga cikin manyan guguwoyin nan daga wajenmu suke tasowa. Irin hadarin nan da ke haɗowa daga gabas da damina, ya zubar mana ya wuce yamma. In ya fita teku ta wajen Senegal ya tarar da ruwa mai ɗumi, sai ya yi ta tara ƙarfi yana juyawa.

4/ Harvey ma haka ta faro. Wajen tsakiyar Agusta ta bar gaɓar Afirka ta Yamma. Wani abokina ɗan Zariya ya ce ashe baƙuwar daga gida take, amma ko ƙullin daddawa ba ta riƙo mana ba.

5/ Daren Juma'a 25 ga Agusta ta shigo ƙasa kusa da garin Rockport, tafiyar kamar awa uku a mota daga Houston. Tana mataki na 4, iska na gudun kilomita 215 a awa. Matakan nan daga 1 zuwa 5 ne, kuma ƙarfin iska kaɗai suke aunawa. Ba sa gaya maka yawan ruwan da za a zubar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ Tun ranar Alhamis kantuna suka cika. Ruwan roba ya ƙare, burodi ya ƙare, layin mai har titi. Na ga mutane sun rikice don an ce ƙila a ɗauke wuta kwana uku. Kwana uku fa! Wallahi sai da na danne dariya. Wanda ya yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai, me za a gaya masa?

7/ Wannan ɓangaren shirin bai ba ni wuya ba. Duk wata tukunya da bokiti na cika da ruwan famfo. Bahon wanka ma na cika, saboda banɗaki. Hukuma tana cewa galan ɗaya ga kowane mutum a rana, aƙalla na kwana uku. Na ninka, don su ba su sa alwala a lissafinsu ba.

8/ Abinci: garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, dabino, kifin gwangwani. Babu wanda ke buƙatar wuta ko firji. Na yi cajin waya da tocila, na ciro tsabar kuɗi don in babu wuta kati ba ya aiki, na ƙulle fasfo da takardun makaranta a leda biyu na sa a jakar goyo kusa da ƙofa.

9/ Inda tashin ƙauye bai taimake ni ba shi ne sanin ƙasa. A Kwanyawa yaro ɗan shekara goma ya san ina ne tudu, ina ne kwari, wane rafi ne ba a tsallakawa in an yi ruwa a sama ko da nan ba a yi ba. In ka tashi gini a wani wuri, dattijo zai tsaya ya ce maka nan hanyar ruwa ce, a shekara kaza ta nan ya bi. Wannan ilimin ba a rubuce yake ba, a bakin mutane yake.

10/ A Houston ko'ina shimfiɗe yake kamar faranti. Ƙasar yumɓu ce, ba ta shan ruwa da sauri, an kuma lulluɓe ta da kwalta da siminti. Akwai rafuka da suke kira bayu, irin su Buffalo, Brays da Greens, da ke kwashe ruwa zuwa teku. Da rani za ka wuce ta kansu ka ɗauka babbar kwata ce. Ni ina kudu maso yammacin gari, ba nisa da Brays, kuma idona bai iya bambance titin da zai nutse da wanda zai tsira.

11/ Matambayi ba ya ɓata. A ƙasan benenmu akwai wani dattijo ɗan asalin Meziko, makaniki. Wata takwas ina gaishe shi kullum da safe kamar yadda aka koya mana a gida. Da farko kallon mamaki yake yi mini, daga baya ya saba. Ranar Juma'a na ƙwanƙwasa masa ƙofa na ce, Baba, ina ruwa yake bi a unguwar nan?

12/ Ya ga ambaliyar Allison ta 2001 da idonsa. Ya fito da ni waje yana nunawa da hannu: wancan titin shi ke fara cika, ƙarƙashin waccan gadar kabari ne, kada ka bi. Ya ce in ɗauke tsohuwar motata daga inda take in kai ta saman benen ajiye motoci na wani ofis da ke kusa. Na kai. Motocin da suka kwana a farfajiyarmu babu wadda ta sake tashi.

13/ Za ku ce me ya hana ku gudu? Magajin gari na lokacin, Sylvester Turner, bai ba da umarnin ficewa ba, kuma yana da dalili. A 2005, lokacin guguwar Rita, miliyoyin mutane suka hau titi lokaci guda. Aka yi cunkoso na kusan kwana, cikin zafi, mai ya ƙare. Mutum kusan 100 suka rasu a hanyar gudun, ciki har da tsofaffi sama da 20 da motarsu ta kama wuta kusa da Dallas. Har yau ana musu kan shawarar tasa. Ni dai da na ga yadda manyan titunan suka koma koguna, na gode wa Allah da ba a kansu ruwan ya same mu ba.

14/ Ranar Asabar da rana gari ya yi lafiya, ɗan yayyafi kawai. Guguwar ta rage ƙarfi, an ma sauke ta daga matakan nan gaba ɗaya. Mutane suka fara cewa an cika zuzutawa. A daren ne kuma ake damben Mayweather da McGregor, kowa na neman gidan da zai je kallo.

15/ Abokai suka kira ni. Baba makaniki ya ce kada in kuskura. Na zauna. Biyu daga cikinsu a gidan mai suka kwana kan tudu, a tsaye, suna kallon ruwa na zagaye su.

16/ Abin da ya faru: guguwar ta zo ta tsaya cik. Iskar sama da ya kamata ta tura ta gaba ta mutu, sai ta yi zamanta, rabi a ƙasa rabi a teku, tana ɗebo ruwa daga teku tana juye mana. Kun san marka ta watan Agusta, wadda ke kwana tana zuba har katanga ta fara zubewa? To ku ɗauka marka ce amma da ƙarfin ruwan farkon hadari, ba sassautawa, kwana huɗu.

17/ A kusa da garin Nederland, gabas da Houston, an auna inci 60 da ɗoriya, wato sama da mita ɗaya da rabi. Ya fi abin da Kano ke samu a damina guda cur.

18/ Daren nan waya ba ta yi shiru ba. Saƙon gaggawa ya shigo: iska mai juyawa na tafe, a sauka hawa na ƙasa. Minti kaɗan wani ya shigo: ambaliya, a hau sama. Na zauna a bakin gado ina kallon saƙonnin biyu. Na ce to, Allah, Kai ka san wanda za a bi.

19/ Da matakalar bene nake auna ruwan. Ƙarfe ɗaya na dare ya shanye taki ɗaya. Ƙarfe uku ya shanye uku. Wajen huɗu saura aka buga ƙofata. Baba ne da matarsa da 'yarsu da jikansu na goye, ruwa har gwiwa a ɗakinsu. Da karensu.

20/ Jama'a, kare a ɗakina, inda nake sallah. Na dube shi, ya dube ni, duk jikinsa na rawa. Na naɗe dardumata na ɗora kan firji, aka shimfiɗa masa kwali a lungun kicin. Malamai su yi mini fatawa daga baya. Mu shida muka yi kwana uku a ɗaki ɗaya da falo, kuma matar Baba ta koyi shan garin kwaki, har tana neman ƙarin ƙuli.

21/ Mafi wuya a wurina shi ne wayar gida. Najeriya na gabanmu da awa shida, don haka lokacin da muke tsakiyar dare su gari ya waye musu. Ƙanena ya nuna wa Inna hotunan a wayarsa. Ta kira, muryarta na rawa. Na ce, Inna, ki kwantar da hankalinki, a saman bene nake.

22/ Ta yi shiru, sannan ta ce: benen na ƙasa ne ko na siminti? Ita ta san abin da marka ke yi wa ginin ƙasa. Na ce ba na ƙasa ba ne, Inna. Ban ƙara komai ba, don gidajen haya a can galibi katako ne aka yi wa kwalliya, kuma ina jin yadda namu ke ƙara in iska ta buso.

23/ Lahadi da safe titinmu ya zama gulbi. Lambar gaggawa ta 911 ta cushe, mutane suka koma rubuta adireshinsu a Twitter da Facebook. Hukuma ta yi ta gargaɗi kada a ɓuya a cikin rufin ɗaki sai da gatari a hannu, don in ruwa ya biyo ka babu mafita. Gara ka hau saman rufin a gan ka.

24/ Waɗanda suka fi kwashe mutane a unguwarmu ba ma'aikata ba ne. Masunta ne da mafarauta da ƙananan jiragen ruwansu, wasu tun daga Louisiana suka jawo su a bayan mota. Su suka fitar da wata tsohuwa mai wankin ƙoda daga gidan da ke kallonmu.

25/ Ruwan ambaliya ba na shiga ba ne. Akwai ƙazantar masai, akwai wayar wuta, akwai macizai. Akwai wasu jajayen tururuwa masu cizo kamar cinnaka da ke dunƙulewa su yi ta yawo a saman ruwa kamar faifai. Kuma da yawa daga waɗanda suka rasu a mota ruwa ya ci su. Ruwa mai gudu da ya kai ƙafa ɗaya yana iya ɗauke ƙaramar mota. Harvey ta kashe mutum 68 kai tsaye a Texas.

26/ Ranar Litinin aka fara sakin ruwa daga madatsun Addicks da Barker a yammacin gari, don kada su fi ƙarfin bangonsu. Unguwannin da suka tsira daga ruwan sama sai ga ruwa ya shigo musu ta ƙofa. Wasu ma a cikin tafkin madatsar aka gina gidajensu, ba su taɓa sani ba sai ranar. Wanda ya tashi kusa da dam ɗin Challawa ba sai an yi masa dogon bayani ba: mu mun san wanda ke ƙasan dam da ido ɗaya yake barci in damina ta yi nisa.

27/ Babban zauren taro na George R. Brown ya ɗauki mutum wajen 10,000. Masallatai da dama a ƙarƙashin ƙungiyar Musulmin Houston suka buɗe ƙofa ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'a 1 ga Satumba, shugabannin suka ce ba za a tashi kowa daga shimfiɗarsa don sallar idi ba.

28/ Ni ban ga rago ba a wannan sallar. Daga idi na cire babbar riga na sa safar hannu. In ruwa ya shiga gida a can, dole a yanke allon bango a fitar da kafet cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba funfuna ta cinye gidan. Muka yi wa Baba, muka wuce gida na gaba. Aikin gayya sak, sai dai babu mai kiɗa babu fura.

29/ Yanzu zancen kuɗi, don nan ne baƙo ke shan mamaki. Inshorar ɗan haya ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Ta ambaliya daban ake saya, kuma ta gwamnati sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, don haka ba ranar da aka ga hadari ake nemanta ba. Mota ma, in mafi arhar inshora ka yanka, ruwa ya ci ta ya ci banza.

30/ Tallafin kuɗi na hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, na 'yan ƙasa ne da wasu rukunin masu izinin zama. Mai bizar ɗalibi ba ya ciki. Matsuguni da abinci da ceto kowa na samu, amma kuɗin sayen sabuwar katifa da kwamfuta daga aljihunka. Na san ɗalibin da ya kama ɗaki a hawa na ƙasa don ya fi arha da 'yan daloli, sati biyu da zuwansa, ya fito da fasfo kawai.

31/ Tun farkon 2022 dokar Texas ta wajabta wa mai gida ya sanar da ɗan haya a rubuce in ya san gidan na cikin yankin ambaliya, ko ruwa ya taɓa shigarsa a shekara biyar da suka wuce. Takardar na cikin tarin da za a miƙo maka ka sa hannu, ka neme ta. Harvey kuma ta riga ta fita daga shekara biyar ɗin, don haka bayan ka karanta, ka sauka ƙasa ka nemi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan ka tambaye shi ina ruwa ya tsaya a 2017.