Maƙwabci Kafin Gida: Kwana Huɗu a Haro Banda

 

A kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, akwai gidajen da murna ke shiga tare da fargaba. Murnar ita ce ɗiya ta ci. Fargabar kuwa ita ce tambayar nan mai hana iyaye barci: a wane gida za ta kwana a babban birni, kuma su wane ne za su kewaye ta? Wannan tambaya ta shigo gidanmu a Maraɗi a shekarar 2022, lokacin da ƙanwarmu ta samu gurbin karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce a yi mata aure, karatu ya tsaya nan, domin a ganinsu Yamai ba mazaunin budurwa ba ne. Mahaifinmu ya saurari kowa, sa'an nan ya yanke magana: za ta tafi, matuƙar an samo mata ɗaki a cikin gida mai iyali wanda zuciya za ta natsu da shi, idan ba a samu ba, sai ta haƙura. Ya ɗora mana wannan amana tare da kawunmu, ya kuma ce mu tafi da ita kanta, tunda ita ce za ta zauna.

A watan Oktoba muka kama hanya, tafiyar kilomita fiye da 600, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, muka iso da yamma liƙis. Ga wanda bai san Yamai ba, kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, shi ya raba birnin gida biyu. A gaɓar hagu ake samun ma'aikatun gwamnati da Babbar Kasuwa da kasuwar Katako da Babban Masallaci. A gaɓar dama kuwa akwai Haro Banda, wato "bayan ruwa" da harshen Zabarmanci, kuma ita ce gunduma ta biyar ta birnin. A can jami'ar take, wadda aka aza harsashinta a 1971, aka kuma raɗa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Gada uku ke haɗa gaɓoɓin biyu: gadar Kennedy ta 1970, da ta biyu wadda aka buɗe a 2011, da ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché, ta 2021.

Shawarar farko da muka yanke ita ce a nemi ɗakin a Haro Banda. Dalili kuwa, ɗalibar da ke zaune a tsallake dole ta ƙetare gada safe da yamma, ta biya taksi sau biyu ko fiye, kuma ranar da darasi ya kai magariba sai ta tsaya bakin hanya cikin duhu tana jiran mota. Tsawon hanya shi kansa yana cikin abin da ake aunawa idan ana maganar tsaron ɗiya mace.

Washegari dillali ya kai mu gida na farko, a wajen Lamorde, kusa da bakin kogi. Ɗaki ne da falo, sabon fenti fari fat, kuɗin haya kuma ƙasa da abin da muka zata. Har mun fara yi wa juna murmushi, sai kawu ya fita waje ya tsaya yana duban katangar maƙwabta, wadda ba a shafa wa fenti ba. A jikinta akwai wani layi ja-ja, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya, daidai ƙugun mutum. Wani dattijo da ke zaune ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ya ce mana nan ruwa ya tsaya. Ya bayyana mana cewa kogin yana cika sau biyu a shekara: cikar damina, ta watan Agusta da Satumba, mai jan ruwa, wadda rassan kogi irin su Sirba ke kawowa, da kuma cikar lokacin sanyi, wadda ke gangarowa a hankali daga ƙasar Gini. Ta farkon ce mai ɓarna. Ta ci gidaje a 2012, sa'an nan a watan Satumba na 2020 shingen da ke tare ruwa a Lamorde ya ɓalle, dubban mutane suka bar gidajensu. Muka yi wa dattijon godiya, muka sallami gidan. Fenti yana rufe bangon mai haya, amma ba ya rufe bangon maƙwabci; wanda zai kama ɗaki a irin wannan wuri, ya duba katangun da ba a gyara ba, ya duba inda ciyawar fadama ke tsirowa, ya tuna kuma inda ruwa ya kwanta nan sauro ke kwana.

Gida na biyu yana kan tudu, ba nisa da kwalta, irin gidajen nan masu jerin ɗakuna na haya. Katangarsa doguwa ce, an kafa mata fasassun kwalabe a sama, ga ƙyauren ƙarfe mai nauyi. Mu maza abin da idonmu ya gani ke nan, ya kuma gamsar da mu. Muna cikin ciniki da dillali, ƙanwarmu ta zagaya bayan gida, ta ɗan jima wurin wata mata mai wanki. Da ta dawo sai ta matso kusa ta ce a hankali: "Yaya, kada a ba da kuɗi tukuna. Mu dawo bayan isha'i."

Muka dawo kamar yadda ta ce, sai muka tarar kamar an musanya mana unguwar. Lungun da ya haɗa kwalta da gidan, wanda da rana ke cike da yara da masu talla, ya zama duhu ƙirin, babu fitila ko ɗaya, kuma rabinsa bayan wani kango ne. Ƙyauren nan mai nauyi yana buɗe hanhai, domin ƴan haya sun fi goma, yawancinsu gwauraye, kowa da lokacin dawowarsa, saboda haka ba a taɓa kulle shi. A hanyarmu ta komawa ta gaya mana sauran. Makewayi ɗaya ne ga maza da mata, yana can ƙuryar gida, ƙofarsa babu sakata. Tagar ɗakin tana duban lungu, babu ƙarfe. Mai gidan yana wani gari, makullan ajiya suna hannun yaron dillali. Mai wankin kuma ta shaida mata cewa ɗalibar da ta zauna a ɗakin bara ta tashi tun kafin kuɗinta su ƙare, saboda ƙwanƙwasa mata ƙofa da ake yi cikin dare. Wannan magana ba za a taɓa gaya wa namiji baƙo ba. Mace ce ke gaya wa mace. A nan muka gane hikimar mahaifinmu da ya ce a tafi da ita. Mun auna tsawon katanga, ita kuwa ta auna tafiyar da za ta yi daga ɗakinta zuwa makewayi da ƙarfe biyu na dare.

A daren nan jikinmu ya yi sanyi. Kwana biyu sun wuce, guzuri yana raguwa, kuma kowa ya san abin da komawa hannu rabbana ke nufi ga karatunta. Ba ta ce uffan ba, amma mun ga ba ta taɓa abincinta ba.

Da asuba ta uku muka bar dillali, muka koma ga hanyar da muka gada. Bayan an sallame salla a wani masallacin unguwa, muka gaida liman, muka faɗa masa daga inda muke da abin da ke tafe da mu. Ya haɗa mu da yaro zuwa wurin mai unguwa, shi kuma ya ambaci gidan wata Hajiya, Bazabarma, wadda mijinta ya rasu, take zaune da jikokinta da wasu ɗalibai mata biyu. Gidan ba shi da wani kyan gani: daɓen siminti ya tsattsage, fenti ya koɗe, kuɗin haya kuma ya ɗara na gida na farko. Sai dai yana kan tudu, ƙofarsa tana duban hanyar da ke da fitila, akwai mai shago daura da shi, ga famfo a tsakar gida, ga makewayin mata daban.

Mun zo da tambayoyinmu, sai ga shi mu ake tambaya. Hajiya ta zaunar da mu a tabarma, ta tambayi sunan mahaifinmu da sana'arsa, da wanda zai riƙa biyan haya, da wanda za a kira idan yarinya ta yi rashin lafiya, da mazan da aka yarda su zo gaishe ta. Da ta ga mamaki a fuskarmu sai ta ce: "Ɗana, gidan da ba a tambaye ku kome ba, kowa ma yana shiga ba a tambaye shi ba." Ta juya ga ƙanwarmu ta ce: "Ɗiyata, ƙarfe goma nake kulle ƙofa. Ranar da za ki kwana asibiti wajen aiki, ki gaya mini tun da rana, domin ba na barci sai na ƙirga mutanena."

Duk da haka ba mu bar bincike ba, domin an hore mu da mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali. Muka tambayi mutum uku daban-daban, kowa shi kaɗai: mai shago, da mai shayi, da wani ɗan ga-ruwa mai shiga gidajen unguwar kullum. Ita kuma ta keɓe da ɗaliban nan biyu. Muka dawo da tsakar rana, muka sake dawowa da dare. A bakin hanyar akwai fada ta matasa masu shan shayi, abin da ya fara tayar mana da hankali. Da muka zauna da su muka tarar ƴaƴan unguwar ne, iyayensu na jin muryarsu daga cikin gida, kuma dattawan masallaci sun shaide su da cewa zamansu a wurin shi ke korar ɓarayi. Ba kowace fada ce abin tsoro ba. Abin tambaya shi ne ƴaƴan wa ke zaune, kuma akwai wanda suke jin kunyarsa ko babu.

A rana ta huɗu aka rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu biyu, aka bayyana kuɗin wata da na ajiya da rabon kuɗin ruwa da wuta, bisa koyarwar ayar bashi ta Suratul Baƙara. Da izinin Hajiya muka sa wa ɗakin sabon kwaɗo da sakata ta ciki. Muka taka da ƙafa daga gidan zuwa jami'a da kuma komisariya mafi kusa, domin ta san hanya da nisanta. A bangon littafinta ta rubuta lambar ƴan sanda, 17, da ta masu kashe gobara, 18, da ta Hajiya da ta mai unguwa.

Ya ku iyaye da yayye, abin da muka koya a tafiyar nan shi ne sunan unguwa ba ya isa hujja. A unguwa guda, lungu biyu da ke maƙwabtaka suna iya bambanta kamar dare da rana. Kada a kama ɗaki ta wayar tarho ko da hoto. A je da ƙafa, a ga wurin da safe da rana da dare, a tambayi damina ko da ana cikin rani. A san wanda ke riƙe da makulli, a san masu kwana a sauran ɗakunan. Sama da kome, a ba yarinya da matan gida dama su yi magana, a kuma ɗauki abin da suka faɗa da muhimmanci. Idan ta kira daga baya ta ce hankalinta bai kwanta ba, kada a ce shagwaɓa ce, kada kuma a mayar da kukanta dalilin raba ta da karatu. Idan ta san ƙorafi zai jawo a dawo da ita gida, to za ta yi shiru a kan abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba.

Muna kuma kira ga ƴan'uwa mazauna manyan birane, Yamai ne ko Damagaram ko wani wuri. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da na nesa tare da matafiyi a cikin waɗanda aka umurce mu da kyautata musu, kuma ɗalibar da ta baro garinsu ta haɗa waɗannan haƙƙoƙi. Muna son matanmu su tarar da likita mace a asibiti. To wannan likita sai ta fara samun ɗakin da za ta yi barci cikin aminci. Da rassan ƙungiyarmu za su riƙe sunayen gidajen da aka amince da su, da iyaye da yawa sun huta da yawon da muka yi.

Daminar 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a ƙasarmu, ta zo ta wuce ruwa bai shiga gidan Hajiya ba. A shekarar ne kuma ciwo ya kama ta cikin dare, ƙanwarmu ce ta fara jin nishinta, ta tayar da matasan fada suka nemo mota, ta kwana a kanta a asibiti har gari ya waye. Da mahaifinmu ya kira don yi mata sannu, Hajiya ta ce masa: "Malam, amana ka ba ni, ga shi ita ce ta riƙe ni."

Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu a duk inda neman ilimi ya kai su, Ya haɗa su da maƙwabta na gari, Ya sa mu ma mu zama na gari ga ƴaƴan wasu. Amin.