Robar da ke kwantar da famfon tuƙa-tuƙa

Famfon tuƙa-tuƙa ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan daɗe yana ba da alama, kuma yara masu ɗiban ruwa ne suke fara lura. Da sassafe yarinya za ta yi ta tuƙi, ta gaji ta sauya hannu, kafin ɗigon farko ya faɗa cikin jarka, domin ruwan da ya kamata ya kwana a bututu ya zurare ƙasa cikin dare. Bayan 'yan makonni sai hannun famfon ya fara rawa, ƙarfe na cin ƙarfe, ana jiyo ƙararsa daga bayan masallaci. Wani lokaci ruwan ya fito jaja-jaja da ƙarnin tsatsa, mata su ce yana ɓata farin kaya. Kowa ya san famfo ba lafiya, amma ba wanda ya san ƙofar da za a buga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙanƙantar abin da ke jawo wannan. Sau da yawa wata 'yar roba ce can ƙasan rijiyar, wadda ba ta cika tafin hannu ba, ta cinye saboda gogayya da yashi. Ko kuma sarƙar da ke cikin kan famfon ta bushe don ba a shafa mata giris ba. Ruwa yana nan a ƙasa bai je ko'ina ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Irin famfon ma yana da nasa hannu a ciki. India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya cikin shekarun 1970 da taimakon UNICEF, ƙaƙƙarfa ne, amma kafin a kai ga robarsa sai an zaro bututan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita 3, aikin da ke bukatar makaniki da kayan aiki da majiya ƙarfi. Afridev kuwa an tsara shi ne yadda mutanen gari za su zaro sandunan su canza robar ba tare da sun taɓa bututu ba. Sai dai ko wannan ɗin, in babu shagon da ke sayar da kayansa a kasuwar kusa, sai an yi kuɗin mota zuwa birni, kuɗin da ya fi na robar.

Ranar da famfo ya tsaya cak, ba wanda zai kwana da ƙishi. Za a koma tafki, ko buɗaɗɗiyar rijiyar da guga ke kwana a ƙasa kusa da kashin dabbobi. Dattawa ba su manta kurkunu ba, yadda yake kwantar da magidanci ana tsakiyar noma. A 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 da suka kamu a Najeriya, sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi a Najeriya da Nijar. Amai da gudawa kuwa yana nan. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Bauchi da Kano da Jigawa na cikin inda ta fi ɓarna.

Kusa da mataccen famfo galibi akwai allo, fentinsa bai ko dushe ba, ɗauke da sunan wanda ya haƙa da shekarar da aka ƙaddamar. Ina ma a ƙasansa an rubuta lambar wayar mai gyara.

Garuruwan da famfonsu ke daɗewa ba su fi kowa arziki ba. In ka tsaya bakin famfon za ka tarar da wata dattijuwa a kan tabarma, gwangwani a gabanta, kowace jarka ana jefa ɗan abin da aka yanke. Wasu sukan yi ƙorafi, su ce ruwan Allah ne, gwamnati ta ba su kyauta. Takan ce musu: "'Ya'yana, ba ruwan nake sayarwa ba, kuɗin gyara ne." Ita take hana yara lilo a hannun famfo, ta sa a share magudanar kada ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Da ta ji tuƙin safe ya fara tsawo, sai ta aika jikanta ya kira makaniki tun kafin ranar kasuwa.