Shaidun da Ake Nema a Jikin Gilashi Mai Ruwan Ɗorawa

Daga cikin abubuwan da Allah Ya ɗora wa zuciyata sonsu tun ina da sauran ƙarfi, har yau da furfura ta game kai, akwai 'yan kayan ƙawa na gilashi mai ruwan ɗorawa, irin su ɗan takalmi da 'yar malafa da ɗan kwando, waɗanda masana'antun Amurka da Ingila suka yi ta zubawa a ƙarni na 19, bayan an ƙago na'urar danna narkakken gilashi cikin mazubin ƙarfe a shekarun 1820, har talaka ya mallaki abin da a da sai a gidan masu hali. Launin kuwa daga yuraniyom yake, ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit, ko da yake a ƙasar Bohimiya Josef Riedel ya shahara da wannan rini tun shekarun 1830.

Sabon shiga, da zarar ya haska fitilar duba jabun kuɗi ya ga gilashin ya kama da koren haske, sai ya yanke hukuncin tsufa nan take, alhali hasken bai tabbatar da kome ba face akwai yuraniyom a ciki. Gwamnatin Amurka ta hana masu gilashi wannan ma'adini a Yaƙin Duniya na Biyu, ta sake musu shi wajen ƙarshen shekarun 1950, kuma kamfanoni irin su Fenton da L. G. Wright suka maimaita tsofaffin zane-zane, musamman Daisy and Button, wani lokaci ma da tsohon mazubin kansa. To, ɗan takalmin 1970 yana haskawa daidai da na 1885.

Saboda haka na koyi zaman alƙali, wanda ba ya hukunci da shaida guda, kome adalcinta. Nakan auna nauyi a tafin hannu, in ƙyasta bakin gilashin da farce in saurara, domin gilashin da aka haɗa da dalma yana da nauyi da amo mai tsawo, sai a 1864 William Leighton na garin Wheeling ya fito da haɗi mai araha wanda ba dalma, amon ya gajarce. Kayan Ingila sun fi sauƙin tantancewa, tun da daga 1842 zuwa 1883 ana buga tambarin rajista mai kusurwa huɗu, daga 1884 kuma haruffan Rd da lamba, kamar yadda ake gani a kayan kamfanin Davidson na Gateshead. Amma ko wannan hujja, shekarar rajistar zane take bayyanawa, ba ranar zubi ba, ga shi kuwa mazubi ɗaya yakan yi aiki shekaru masu yawa, har ƙwayoyin zanen su dushe.

Shaidar da na fi aminta da ita tana gindi. Abin da ya shekara ɗari ana ja ana turawa a kan kanta, kurjensa sirara ne, ya watsu kowace fuska, kuma a inda yake taɓa katako kaɗai. Wanda mai ha'inci ya goga da sanfefa, layukansa sun miƙe wuri guda, sun shiga har lungun da katako bai taɓa kaiwa ba. Wannan zamba tana ɓata mini rai ƙwarai, domin ta haɗa cutar mai saye da lalata sana'ar wani bawan Allah.

In shaidun sun dace, sai in rubuta a 'yar takarda: tsakanin 1885 da 1900, bisa rinjayen zato. In sun saɓa, takardar takan zauna fara, jikokina su yi ta tambayar dalili.